Yadda Aka Cire Injiniya Bala Daga Gwajin Magani

Har gobe ba zan manta da ranar da aka aike ni gidan makoki a Birmingham ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina nas a sashen bincike na wani asibiti a Manchester, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Muna gwajin sabon magani kan wata cutar ƙwaƙwalwa da ba a cika samu ba. Tana cin mutum a hankali: ya riƙa faɗuwa ta baya, idanu su ƙage, harshe ya yi nauyi, a ƙarshe haɗiya ta gagara. Aikina in auna masu shiga gwajin, in ɗebi jini, in riƙe hannunsu idan likita zai zuƙi ruwa daga ƙashin baya. Ƙa'idar ita ce kowa ya zo cikin kwanakin da aka yanka masa. Wanda ya yawaita fashi, a cire shi.

Injiniya Bala mutumin Zariya ne, yana zaune a unguwar Ladywood da ke Birmingham. Matarsa, Anti Rabi, ita ke kawo shi a jirgin ƙasa, tare da wani mai kula da marasa lafiya da kansil, wato ƙaramar hukuma, ta ba su. Ranar farko da ya ji na yi Hausa, dariya ya yi har da tari.

"'Yata, na san ba ni zan ci moriyar maganin nan ba," in ji shi. "Na baya nake yi wa. Allah Ya sa sadaka ce mai gudana."

Allurar ƙashin bayan nan tana sa shi ciwon kai na kwanaki, amma bai taɓa ƙorafi ba.

Sai kansil ta rage wa mai kula da shi lokutan aiki. Anti Rabi ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi, balle ta hau jirgi da shi. Ya fara fashi. Na je wajen Farfesa, shugaban binciken, na roƙa a samo masa mota.

"Ba hurumin bincike ba ne, Hadiza," ya ce. "Su koma wa kansil."

Kansil ta ce su koma wa asibiti. Ana cikin wannan kai-komo aka cire shi. Bai daɗe ba ya rasu.

Washegari da safe, kafin a ba iyalansa gawa, Farfesa ya kira ni. Ya ce ana neman ƙwaƙwalwar masu wannan cuta don nazari, kuma ta 'yan Afirka ba a cika samu ba. Tunda yarenmu ɗaya, in je in nemi izini. Na ce masa jana'iza suke jira. Ya ce kada in damu, akwai motar da za ta ɗauko gawar ta maido.

Na tafi. Bayan na yi ta'aziyya, na ja Anti Rabi gefe na isar da saƙo yadda aka ba ni. Ta dube ni ta ce:

"Ashe akwai mota?"

Sai ta ci gaba:

"Kin san da bakinsa ya ce in bayar da ƙwaƙwalwarsa? Har malamai ya tambaya. Amma wannan kafin a kore shi ne. Bayan an cire shi, duk ranar da ya saba zuwa sai ya yi ta nuna mini takalmansa, don bakin ya riga ya tafi. Ni kuwa in ce masa gobe." Ta gyara mayafinta. "Ki gaya wa Farfesa, da ransa ya kawo musu kansa suka ce ba hanya. Gawar tawa ce."

Da na koma na faɗa wa Farfesa, sai ya girgiza kai ya ce, "Al'ada ce. Mutanenku ba sa son bincike."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, kuma har yau ina jin ta a taruka. To ga abin da na koya. Mutanenmu suna zuwa, suna miƙa jininsu da bayansu don waɗanda ba su sani ba. Aikin ne ke sakin hannunsu a tsakiyar hanya, sannan ya juyo ya ce ba su da haɗin kai. Idan kuka ji an ce wani ya ƙi, ku fara tambaya: me aka yi masa kafin ya ƙi?