Baffa Mahmudu, Mai Koya wa Dokin Sukuwa Tsayuwa

Ana idar da sallar asuba za ka ji ƙarar kofato a lungunmu na unguwar Roumdé Adjia a Garwa. Baffa Mahmudu ne ya fito da dawakansa zai gangara da su rairayin kogin Binuwai. Ba ya hawa. Yana gaba riƙe da ragama, yana ɗingishi, yana yi musu hira da Fillanci. Kafin rana ta yi zafi ya dawo, ya wanke su, ya duba ƙafafunsu, ya zuba harawa da dusa da 'yar kanwa. Sai a sannan yake tuna shi ma yana da ciki, alhali kunun da matarsa Goggo Mairamu ta dama ya daɗe da hucewa.

Katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasa, saboda haka na san wanda nake yabo. Na san ƙudan bargarsa. Na san dokin da ya miƙo wuya ya cinye mini zogale har itace. Da na je ƙorafi, cewa ya yi, "Zai yi masa amfani kuwa, Hidaya, dama jininsa ya yi ƙasa." Haka na dawo gida ina huci.

Dokin sukuwa in ya fara tsufa, ko jijiyar ƙafa ta taɓu, masu shi sun gama da shi. Wanda jiya ake yi wa tafi a filin tsere na Garwa, yau dillalai ne ke latsa cinyarsa suna ƙiyasin nama. A nan Baffa ke shiga tsakani. Dokin da bai san komai ba sai gudu, shi zai mayar abin hawan tsoho da manomi da mace. Amma fa sai lokacin da ya ga dama, ko da mai dokin zai yi kuka.

Madam Marthe ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti bayan Pitowa. Da damina rafi kan yanke ƙauyukan da take kula da su, moto kuma, wato babur, ta nutse a taɓo. Sai ta sayi wani jan doki da aka kora daga tsere, mai suna Henndu, wato iska da Fillanci, ta kawo wa Baffa. Cutar Henndu ɗaya ce: da moto ta wuce shi, a wurinsa an fara tsere, sai ya ciji linzami ya bi ta.

Maganin da Baffa ya samo, mu muka sha wahalarsa. Ya tara 'yan moton unguwa, har da mijina da ke da tasa sana'ar, suna wucewa ta gaban doki suna dawowa, suna ta oda, shi kuma yana tsaye yana shafa wuyan Henndu. Makonni muna cikin hayaƙi da ƙara.

Ruwa ya sauka, doki bai fita ba. Marthe ta zo ƙafafunta a kumbure don tafiyar ƙasa.

"Baffa, pardon, don Allah ko a hakan ba ni shi."

"Bai tsaya ba tukuna, 'yata."

"To yaushe zai tsaya?"

"Shi zai faɗa mini."

Na leƙa ta katanga na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah. Matar nan akwatin allura take ɗauka a ka tana ratsa ruwa." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "In ya kayar da ita, wa zai ɗauki akwatin?" Bai tsaya nan ba, sai ya sa ta riƙa zuwa ranar hutunta tana share barga, tana jan dokin da hannunta, wai don ya san warinta. Na daina gaishe shi na ɗan lokaci. Har yau ina ganin ya yi jinkiri, kuma na faɗa masa.

Sai da gero ya fara fitar da kai ya miƙa mata ragama.

Abin da ya biyo baya, Umar Faruƙ mahauci ne ya ba ni labari, a kan idonsa aka yi. Ranar kasuwar Pitowa, kububuwa ta sari wani manomi mai suna Georges a gonar auduga, a hayin rafi. Marthe ta ɗora shi a kan Henndu, ta ɗaure shi a sirdi da zanenta, ta ja doki suka ratsa ruwa. Hanyar tashar da za a sami motar kai shi babban asibiti kuwa sai ta tsakiyar kasuwa, 'yan moto ko'ina, wannan ya gifta, wannan ya wuce a guje. Umar Faruƙ ya ce jikin dokin rawa yake yi, gumi na zuba, kunnuwa a kwance, amma taku yake yi a hankali har bakin mota. Georges na nan da ransa, bana ma ya yi shuka.

Da na kai wa Baffa labari da gudu, tambayarsa ita ce, "An ba shi ruwa bayan nan?" Dokin yake nufi.

Kai ne, Baffa, mai taurin kan da ya fi na dawakinka. Kai ne ka hana wani attajiri doki don ka ga bulala a hannunsa, ka bar shi tsaye a rana yana faɗa. Kai ne ba a taɓa jin dokin da ya fita daga hannunka ya kayar da mai shi ba. Mai sanyin hannu, mai wuyar sha'ani, na gaji da kai, kuma ban ga kamarka ba.

Yanzu ƙugun Baffa ya ƙi. Likita ya ce ya bar riƙe doki, Goggo Mairamu ta ce in bai bari ba ita za ta bar gidan. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk samarin da ke cika filin sukuwa babu wanda ya zauna ya koya. Kowa na son hawa a yi masa tafi, ba mai son tsintsiya. Ku je tun yana iya magana. Zai gajiyar da ku, zai sa ku kwashe kashi kafin ku taɓa sirdi, ku daure. Ku kuma masu dawakin tsere, dabbar da ta ɗauke ku da ƙuruciyarta ba ta cancanci wuƙa ba don ƙafarta ta yi sanyi.

Na ce masa zan rubuta shi mutane su karanta. Ya ce, "In dole sai kin yi, rubuta a daina zubar da leda a bakin kogi, dawaki na haɗiyewa."

To ga shi na rubuta, Baffa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka ƙugun nan. Kuma don Allah, ka zauna.