Mato da Shirwar Bakin Kogi

Duk garin Mai Wurno an san Mato da korar tsuntsaye. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar dawa yana ihu da majajjawa. Sai da ya tsufa, 'yarsa Rayan ta aiko masa da waya mai kyamara, mutumin nan ya ce shi fa yanzu hoton shirwa yake so. Shirwa, jama'a! Ɓarauniyar 'yan tsaki!

Dalili kuwa, likita a birnin Sinnar ya gaya masa idonsa na tafiya, kuma ba zai dawo ba. Mato ya ce kafin duhu ya rufe shi, sai ya ɗauki hoto ɗaya mai kyau na shirwa, tana tsakiyar kawo sura.

Yayarsa Huseina ce ke riƙe masa hannu zuwa bakin kogi kullum da hantsi. Nan matsalar take. Huseina mai kiwon kaji ce tun tana budurwa. Da zarar shirwa ta sauko, kafin Mato ya saita wayar, sai ka ji: "Hai! Hai! La'ananniya!" Tsuntsuwa ta yi sama.

"Haba Yaya, don Allah ki rufe bakin nan!"

"Ni na buɗe shi? Da kansa yake buɗewa."

Haka suka yi ta fama, ido na ƙara dushewa. Ranar da Mato ya gai da kututturen dabino yana zaton liman ne, Huseina ba ta yi dariya ba. Ta koma gida ta yanka kazarta mafi ƙiba, ta kawo hanjinta bakin kogi ta shimfiɗa a kan dutse, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije.

Shirwa ta zo kamar an aiko ta. Huseina ba ta ce uffan ba, wallahi. Hannunta ne ya ci amana: ta cire silifa ta wurga. Mato ya danna.

"Yaya, ta fito?"

Ta duba. Sama ce fes, da silifa guda a tsakiya.

"Ta fito, shegiyar. Har ta buɗe fiffike."

Yanzu Mato ba ya ganin ko tafin hannunsa. Yana zama wurin mai shayi, duk wanda ya zo sai ya miƙa masa wayar. Mun gani, mu duka. Kowa cewa yake Masha Allah, wannan shirwa ta ƙoshi. Huseina na zaune a gefe tana zare ido, ɗayar silifar a hannunta.