Jatau da Baburin Araha

A wani ƙauye arewa da Attantane, cikin ƙasar Mayahi, an yi wani mutum ana ce masa Jatau, mai gyaran keke da fitila. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana sai in an zo kan ciniki. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buhu gindin gawo ya baje kayan aikinsa, yau a Kanan-Bakashe, jibi a Isawan, kuma ko'ina da ƙafa yake zuwa, don mai gyaran keken bai taɓa mallakar keke ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne son araha. Jatau ba ya iya wuce abu in an ce masa mai shi ya gaji da shi. Ɗakinsa cike yake da agogon da ba ya tafiya, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da keken ɗinki marar ƙafa, kowanne na jiran a zo kansa.

A shekarar 1984 damina ta yi gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, rana ta ƙone shi a tsaye. Matar Jatau, Habsatu, mace ce mai hangen nesa. Ta kwance tumakinta tun ba su rame ba aka sayar, ta ƙulle kuɗin a ƙyalle ta ba shi, ta ce ya tafi Tasawa ya sayo buhu biyu na gero.

A Tasawa ya biya ta gidan wani tsohon ma'aikacin allurar dabbobi mai suna Abdurrahamane, wanda ya taɓa gyara wa fitila. Ya iske shi yana ɗaure kaya, zai koma Yamai wurin ɗansa. Can ƙarƙashin wata rumfar zana Jatau ya hango baƙin babur, ƙato kamar ɗan maraƙi, ƙafafunsa sun nutse cikin rairayi, kaza ta yi ƙwai a inda sirdi yake a da.

"Mushe, wancan fa?" in ji Jatau. Haka ake kiran duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya ci aikin gwamnati.

"Wanga ba irin moton yanzu ba ne," in ji Abdurrahamane. "Ƙirar Jamus ne. Na wani Nasara ne mai awon gujiya tun kahin a samu ƴanci. Ya je Agadas ya komo har sau biyu. Matsala guda gare shi, ƴar ƙarama."

"Wace?"

"Ba ya tashi."

Jatau ya zagaya baburin sau uku, ya ƙwanƙwasa tankin, ya ji amon ƙarfe na gaske. Da ya ji kuɗin da aka yanka masa, daidai na buhun gero guda, sai ya ji kamar barinsa zalunci ne. Tun kafin su gama musabaha ya riga ya ga kansa a kan kwalta, iska na kaɗa masa riga, ya nufi Damagaram.

Amalanken jaki ya kawo su gida, buhu ɗaya da babur. Habsatu ta fito da turmi a shirye, ta dubi buhun, ta dubi baƙin ƙarfen.

"Malam, ɗayan fa?"

"Ga shi nan gabanki. Ki bari in tashe shi, za ki ga abin da zai jawo muna."

"To. A daka shi za a yi, ko jiƙa shi ake?"

Habsatu ta mayar da turminta ciki. Ta koma saƙar tabarmar kaba, kuma da ita, da jar dawar taimako da gwamnati ke rabawa, da ƴaƴan anzar daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, gidan ya ga bayan shekarar. Mutanen gari kuwa suka raɗa wa baburin suna Mushe. In an tambaya sai su ce ai sunan mai shi na da ne, amma a shekarar da gawar shanu ke zube bakin kowace hanya, kowa ya san wane mushen ake nufi.

Jatau ya kwance baburin ɗai-ɗai a kan tabarma. A nan ya gane cewa matsalar guda ce da gaske, sai dai tana da ƴaƴa da yawa. Kayan gyara daga Katsina da Kano ake kawo su, ga shi a shekarar an rufe iyakar Nijeriya. Ko da a buɗe take ma, wani mai shagon kayan babur a Maradi ya juya guntun ƙarfen da Jatau ya kai masa ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaro.

Wanda ya cece shi Tanna ne, wani maƙerin Buzaye daga wajen Isawan, wanda fari ya cinye wa awaki ya kuma kashe masa kasuwa, don babu mai sayen zobe ko takobi da yunwa a ciki. Tanna bai taɓa hawa babur ba, amma in ka nuna masa karyayyen abu ka ce ga yadda yake da, zai ƙera maka ɗan'uwansa. Ya narka tsofaffin tukwanen dalma ya zuba murfin inji. Ya yanka fatar raƙumi ya yi sirdi, har da ado ja da kore. Tankin ya ci tsatsa, suka sauya shi da na wani injin niƙa. Fitilar gaba ta tsohuwar mota ce da ta mutu a hanyar Mayahi. Wata biyar suna wannan fama, Tanna na cin tuwon jar dawa a gidan, Habsatu na zuba masa ba tare da ta ɗaga kai ba.

Wata ranar Laraba da hantsi Jatau ya taka, ya sake takawa, baburin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya ɗauki wani ruri da ya sa jakunan unguwa tsinke igiya. Mata suka fito da ludayi a hannu. Jatau ya zauna a kan sirdin yana dariya, hawaye na zubo masa.

Kashegari ya sa rigarsa ta Idi ya nufi Tasawa, daga can sai Damagaram. Zamanin soja ne, kowace babbar hanya da shingenta. A shingen farko wani jandarma ya ɗaga hannu, ya karɓi takardun da Abdurrahamane ya ba shi a cikin leda, ya karanta a natse.

"Kai ne wanga Nasaran?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"To moton nashi ne. In kana son ya zama naka, sai ya zo ya sa hannu. Kuma ina permi?"

Jatau bai san ana neman izini kafin a tuƙa abin da mutum ya saya da kuɗinsa ba, ko da kuɗin matarsa. Jandarman mutumin kirki ne, bai kama baburin ba. Ya dai ce ya juya, kada ya sake ganinsa a kan kwalta. Tafiyar Damagaram ke nan ta ƙare, kwalta tana gabansa taki goma.

A lokacin gwamnati ta matsa kowane gari ya yi noman rani. Ƙauyen su Jatau na da rijiya mai ruwa, amma zurfinta gaba talatin, kuma shanun da ke jan wasaki, babban gugan fata, duk sun mutu ko an sayar. Mutane ke ja da hannu, tafin hannu na fashewa, ganyen salati da kabewa na bushewa a lambu. Mai gari, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya aika aka kira Jatau.

"Na ji an ce abin naka ya yi ƙarhin sa biyu."

"Ya hi haka, Baba. Amma na tahiya ne."

"Ai tahiyar za ya yi."

Aka zuba jar ƙasa aka daɓe hanyar da shanu ke bi, aka ɗaura igiyar wasaki a bayan baburin. Jatau ya hau, ya ja gaba talatin, wasaki ya fito cike, aka juye, ya juyo ya dawo. Ya sake. Mai kuwa ba a rasa ba, don iyakar da ta hana ƙusa shigowa ba ta hana esansi, wato fetur, biyo bayan jakuna ta daji ba. Tun daga fitowar rana har azahar Jatau na kan babur, kullum, wata bakwai. Wani malamin lakwal ya ce in aka miƙe tafiyar da ya yi tsakanin rijiya da tushen aduwar da yake juyawa, da ya kai Makka. Lambuna suka yi kore. Aka daina cewa Mushe, aka koma cewa Bajimi.

Har labari ya kai Mayahi, wani hafsan soja mai rangadin lambuna ya zo da tawagarsa. Ya tsaya ya kalli zuwa uku da dawowa uku, ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya juya. Ya ce ga irin ɗan ƙasa da ake nema, mai dogaro da kai, wanda ya yi tunani mai nisa ya sayi inji don ceton garinsu. Habsatu na cikin mata tana saurare, ta ja gyale ta rufe baki. Jatau ya ga dama ta samu, ya roƙi a yi masa takardu. Nan take aka rubuta, aka buga hatimi. Da malamin lakwal ya karanta masa daga baya, takardar ta ce baburin kayan aikin raya ƙasa ne, kuma kada kowa ya kuskura ya ɗauke shi daga bakin rijiya, har da mai shi.

Damina ta komo, gari ya farfaɗo, a hankali aka sake sayen shanu, aka sallami Bajimi ba tare da jawabi ba. Sai dai wata bakwai a giya ta farko sun cinye shi. In ya tashi yakan yi ta hayaƙi kamar ana gasa kifi, ya kai kasuwar Attantane da kyar.

Bayan shekara biyu wani Bature mai aikin dashen itatuwa ya ji labarin tsohon babur ƙirar Jamus, ya zo takanas. A ƙasarsu, in ji tafintansa, masu kuɗi na neman irinsa ido rufe, kuma ya ambaci abin da zai iya saya wa Jatau garken shanu. Aka fito da baburin. Baturen ya durƙusa, ya shafa murfin dalma, ya leƙa tankin injin niƙa, ya taɓa sirdin raƙumi. Sannan ya tambaya ina kayansa na asali.

"Waɗancan ruɓaɓɓun?" in ji Jatau. "Tanna ya yi hauya da su."

Baturen ya ce da an bar shi yadda aka same shi, da tsatsarsa da komai, da ya saya. Ya nemi izini ya ɗauki hoto, ya sayi tabarma biyu wurin Habsatu bai yi tayi ba, ya shiga motarsa.

Jatau ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Ya bar yawon kasuwanni ya kafa rumfa a gari, don tun daga lokacin duk mai injin da ya ƙi tashi a yankin wurinsa yake kawowa, shi da Tanna, kuma sun ci abinci da wannan sana'a har tsufa. Da ya rasu, masu rabon gado suka rasa ta yadda za su ƙiyasta baburin. Habsatu ta ce kada su wahalar da kansu, a sa mata shi cikin rabonta. Ta sa aka tura shi cikin ɗakinta, kusa da gado, tana rataya carbi a madubinsa.