Kawu Direba da 'Yan Ƙayarsa

Kawu, yayan mahaifiyata, direban doguwar bas ne tun kafin a haife ni. Kowa a tasha ya san shi da rashin zama wuri ɗaya. In fasinja ya tsaya sayen ruwa, Kawu ya danna masa ham. In kwandasta ya tsaya gardamar kaya, Kawu ya fara jan mota a hankali har sai ya biyo ta da gudu. A gida ma a tsaye yake shan shayi. Matarsa, wadda muke kira Anti, ɗinki take yi a falo, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Shi ya ce mata Tela, ita ta ce masa Direba.

Wata rana bayan ya sauke fasinjoji, yana duba kujeru sai ya ga wani ƙaramin gwangwani a ƙarƙashin kujerar baya. A ciki akwai ɗan dunƙulen tsiro, bai fi ƙwai ba, duk jikinsa farar ƙaya. Ya kai ofishin cigiya na tasha, gwangwanin ya daɗe a can ba wanda ya zo nema, har mai ofishin ya ce ya zo ya ɗauke abinsa domin ya gaji da sukarsa a hannu. Kawu ya ɗaure gwangwanin da waya a gaban mota. Wani fasinja ne ya gaya masa sunan tsiron kaktus, ya ce kada ya cika masa ruwa. Wannan kam bai yi wa Kawu wuya ba, don mantawa yake da shi. Haka suka yi shekaru suna tafiya tare.

"Shi kaɗai ne fasinjan da bai taɓa ce mini in tsaya ba," in ji Kawu.

Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota. Likita ya ce in ya ci gaba da zama a kujerar nan, wata rana ɗaukarsa za a yi a fitar da shi. Ya dawo gida da jakarsa da gwangwaninsa. Gidan nasu a hawa na sama yake, ɗaki biyu da falo, da wata siririyar baranda a baya wadda rana ke bugawa da safe.

Watannin farko ba su yi wa kowa daɗi ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na kan biya in auna masa hawan jini in na tashi aiki, don haka na gani da idona. Kawu ya gyara famfon da ba ya yoyo. Ya kwance fanka ya mayar, ta koma ƙara. Ranar da Anti ta dawo daga kasuwa ta tarar da keken ɗinkinta a warwatse a kan jarida, ta ajiye kwandonta ta dube shi.

"Direba, me keken nan ya yi maka?"

"Mai nake sa masa."

"To mayar mini da shi yadda ka same shi. Gobe kuma ka nemi abin da yake naka ka kwance."

Abin da yake nasa a gidan shi ne gwangwanin nan. A lokacin tsiron ya kai dunƙulen hannu, ya kuma fitar da wasu 'ya'ya jajaye tsakanin ƙayoyi, kamar ƙananan barkono. Kawu ya zaro ɗaya ya matse a kan faranti, sai ga baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana sun fito, sai ka kai ido kusa za ka gan su. Ya ɗebo ƙasa a bakin titi, ya tona rami da yatsa, ya binne su, ya kwarara ruwa. Bai ga komai ba. Ya sake shukawa, ya hana su ruwa gaba ɗaya, tunda an ce kaktus ba ya so. Nan ma shiru. Ya je wurin mai sayar da furanni a mahadar titi, ta ce ita manya ake kawo mata, ba ta taɓa ganin wanda ya shuka iri ba.

Autarsu, wadda take aiki a wani gari, ita ta sa shi a wani zaure na waya inda masu wannan sha'awa suke hira. A nan ya koyi cewa ba a binne irin, barbaɗa shi ake yi a sama. Ya koyi haɗa yashi da tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan, a turara su a wuta don kashe ƙwayoyin ruɓa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne jariran suna son laima, sai an rufe su da farar leda an ajiye a inuwa mai haske. Ya ɗauki tsohuwar tukunyar Anti ya dafa ƙasa a ciki. Ta shigo kicin ta buɗe murfi, ta rufe, ta fita. Da yamma ta kira ni a waya ta ce in zo in duba kawuna, wataƙila ba jinin ne kaɗai ya hau ba.

Ina gidan ranar da 'yan tsiron suka fito. Ya kira mu baranda da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri.

"Tela, zo ki gani. Ke ma zo."

Anti ta sa tabarau ta sunkuya. "Ina suke?"

"Ga su nan, gabanki."

"Direba, tsakuwa nake gani."

Sai da ya nuna da tsinken ashana muka gan su: 'yan ɗigo-ɗigo kore, kamar kan allura, kowanne da 'yar farar suma a ka. Kawu ya jawo kujera ya zauna a gabansu. Shayin da Anti ta kawo masa ya huce a hannunsa.

Rabinsu sun ruɓe a watan farko. Wasu ya yi gaggawar fitar da su rana, suka yi ja suka ƙanƙance. Ragowar suka rayu. Daga nan aka fara aiko masa da iri ta gidan waya, shi ma yana aika nasa. Wani maƙeri ya haɗa masa kantoci da ƙarfen tsohuwar kujerar bas, aka jera a baranda. Kofunan roba suka cika su, daga baya aka koma tukwanen ƙasa. Akwai masu siffar tauraro, ba ƙaya, jikinsu da fararen ɗigo kamar an yayyafa gari. Akwai masu dogon farin gashi, waɗanda Anti ke kira dattawa. Akwai kuma masu ƙaya mai ƙugiya, su ne suka taɓa kama rigar wata da ta kawo ɗinki, wadda aka shanya, suka ja zare tun daga wuya har ƙasa. Ranar an yi magana mai tsawo. Daga ƙarshe Anti ta ɗauki allin ɗinki ta ja layi a bakin ƙofar baranda, ta ce yadi ba zai ƙetare can ba, ƙaya ba za ta ƙetaro nan ba.

Tsohon kwandastansa ya kan zo gaishe shi. Ranar farko da ya ga barandar, ya nuna wani tsiro da bai fi maɓallin riga ba, ya tambayi yaushe zai yi fure. Kawu ya ce nan da shekara biyar ko shida, in an yi sa'a. Kwandasta ya yi dariya har da riƙe ƙarfen baranda.

"Oga, kai fa? Kai da ba ka jiran mutum ya ɗaura takalmi?"

"Su ai ba sa jin ham," in ji Kawu. "Na gwada."

Da suka fara fure sai sha'awarsa ta koma haɗa iri. Furen irin waɗannan da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe, wani ba ya sake buɗewa. Sai an samu tsiro biyu sun buɗe rana ɗaya, a ɗebi garin furen wannan da ɗan siririn buroshi a shafa a tsakiyar wancan. Abin da Kawu yake nema shi ne tauraro mai ratsin rawaya, wanda ya gani a hoto. An ce a cikin ɗaruruwan jarirai da ƙyar ake samun ɗaya.

A shekarar da yake ganin ya fahimci aikin, hannunsa na dama ya fara rawa. Na kai shi asibiti aka ba shi magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Wata safiya taurarinsa da yawa suka buɗe lokaci guda. Ya ɗauki buroshi, ya kai hannu, hannun ya fizga, ya karya furen da ya yi shekaru yana jira. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye buroshin, ya zauna, ya dafe hannun da ɗayan yana kallon titi.

Anti ta ji shirun ya yi yawa. Ta tsayar da keke ta leƙo, ta ga furen a ƙasa. Ta tsallake layin allinta ta ɗauki buroshin.

"Wanne da wanne?"

"Bar shi kawai, Tela."

"Ni da nake zura zare a allura kullum? Wanne da wanne?"

Ya nuna mata guda biyu. Ta dube su yadda take duban yadi da zare, ta girgiza kai.

"Waɗannan ba su dace ba. Wancan na lungu, mai haske a gefe, shi ya dace da wannan."

"Wancan ai rago ne, ba ya girma."

"To ni shi na gani."

Ta yi nasa, ta kuma yi nata, ta ɗaura jan zare a jikin tukunyar da ta zaɓa don kada a rikita. Duka biyun suka yi 'ya'ya. Kawu ya shuka kowanne a faranti daban. Na farantinsa suka fito kore shar, lafiyayyu, kamar iyayensu. A farantin jan zare, can gefe, aka samu ɗaya mai launin ɓawon lemun tsami da ya nuna, da siririn ratsin kore. Kawu ya daɗe yana kallonsa kafin ya kira ta, domin ya san abin da za ta ce. Ta kuwa ce ai ta gaya masa.

Sai dai irin wannan jariri ba ya iya ciyar da kansa sosai, korensa ya yi kaɗan. Dole a yanke shi a ɗora a kan wani kaktus mai ƙarfi ya goya shi. Yankan yana son hannu tsayayye, don haka Anti ta yi, da sabuwar reza, Kawu yana tsaye a kanta yana faɗin inda za ta bi, tana ce masa ya matsa ya tare mata haske. Suka ɗaure da siririyar robar ɗinki. Ya kama. Cikin shekara biyu ya kai girman lemo, ratsinsa ya fito sosai, masu zauren waya suka yi ta roƙon Kawu ya sa masa suna. Ya ce Tela zai sa. Anti ta ce in ya kuskura ya sa wa abu mai kan kabewa sunanta, ya nemi mai riƙe masa buroshi. Har yau Mai Jan Zare ake ce masa.

Tun daga nan Anti ta mayar da aikin hannu baranda da safe, tana kalmasa bakin riga a kujera, nesa da masu ƙugiya. Kantocin suka cika har Kawu ya fara rabar da tsirrai ga maƙwabta. Mutumin hawa na ƙasa, wani malamin lissafi da ya yi ritaya, ya karɓi taurari uku ya jera a tagarsa. Kullum sai ya hau ya kawo rahoto, ko da babu abin da ya canja.

Bana Mai Jan Zare ya yi furensa na farko. Na zo auna jini na tarar da su biyun a gabansa. Furen ƙarami ne, rawaya mai haske, gefe ɗaya ma a ɗan murɗe.

"Shi ke nan?" in ji Anti. "Duk jiran nan?"

"Na farko ne. Ke rigarki ta farko yaya take?"

Matsalar ita ce babu wani tauraro da ya buɗe a baranda ranar. Kawu ya duba kanta ɗaya bayan ɗaya, duk a rufe. Sai ya leƙa ƙasa ta saman ƙarfe ya ƙwala wa malamin kira. Malam ya fito da kai ta taga ya ce ɗaya daga cikin nasa ya buɗe tun ɗazu, yana shirin hawowa ya faɗa.

Kawu ba ya iya saurin sauka matakala yanzu. Anti ta shafi furen da buroshi har bakinsa ya yi rawaya, ta kare shi da tafin hannu saboda iska, ta zura takalmi. Na riƙe mata ƙofa. Tana sauka a hankali, Kawu yana bin ta da magana daga sama, ta shafa a tsakiya, kada ta danna, ta kuma ɗebo na malam ta kawo wa nasu.

"Na ji, Direba," ta amsa daga ƙasa. "Ke kuma auna shi yanzu, kafin in dawo ya samu abin gardama."

Na zaunar da shi na naɗa masa abin awo a hannu. Ya miƙo hannun ba musu, kunnensa yana wajen matakala.