Nonon da Na Sha a Jangeru

Yarinyar da na fara so a duniya ƙanwata ce. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Uwarta ce ta ba ni nono ina jariri, ni kuwa ban sani ba sai ranar da aka kai goron neman aurenta aka dawo da shi.

A wani ƙauye na tashi kusa da Gurbin Bore, ƙasar Zurmi. Uwata ta rasu ban yi wayo ba, ubana ya bi ta ba da daɗewa ba. Gwaggona ce ta riƙe ni, baffana ya miƙa mini fartanya. Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba. Salla kuwa sai in na tuna.

Ban kai shekara ashirin ba lokacin da wani Bafulatani ya sauka bayan gonarmu da iyalinsa. Sun shirya da baffa: shanu su ci kara bayan girbi, su bar mana taki. Haka ake yi a lokacin, ba wanda ke jin tsoron wani. Wurin ya yi musu daɗi, suka zauna.

A bakin rijiya na fara ganin ɗiyar Bafulatanin. Na tsuguna ina alwala da sauri, don liman ya gan ni ba halin gudu. Ta ajiye guga ta tsaya tana kallona.

"Kaɗo, alwala kake ko wasa da ruwa?"

Kaɗo shi ne yadda suke ce wa Bahaushe. Na ce, "Mi ya shafe ki, 'yar Fulani?"

"Ba abin da ya shafe ni. Gwiwar hannunka ce dai ke kukan ƙishirwa."

Na duba. Busasshiya take ƙarau. Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na sake alwalar tun daga farko, kunnuwana na zafi, ita kuwa ta ɗauki tulunta ta wuce ba ta waiwayo ba.

Daga ranar ban ƙara tsallake gwiwar hannu ba. Ranakun da take kai nono kasuwar Zurmi takan tsaya makarantar Islamiyya ta mata, ta ɗan samu abin da ta samu. Abin da ta koyo da safe, shi take yi mini gori da shi da yamma. Ita ta gyara mini Fatiha. Ita ta ce in daina sallar kaza mai tsattsagar tsaba. Na fara zuwa masallaci don kada ta ji labari, daga baya na ci gaba da zuwa ko ba wanda zai kai mata labarin. Liman har ya tambayi baffa ko ciwo nake yi.

Da la'asar nake zuwa rugarsu. Ba na wuce wata bishiyar aduwa da ke nesa kaɗan da bukkoki, nan ne iyakar baƙo. Takan fito da mayafi har goshi, ta tsaya can, in tsaya nan. Ko yatsanta ban taɓa taɓawa ba. Na ce mata ina sonta sau ɗaya kawai, ina kallon ƙasa. Ta ce, "To ka faɗa wa ƙasar, ta ji." Da zan tafi ta ce, "Gobe ka zo da wuri."

Wata rana uwarta ta fito da kanta, tana riƙe da ƙwarya. Ta tambaye ni ɗan wane ne ni, uwata 'yar ina ce. Na ce 'yar Jangeru ce, can wajen Shinkafi, na faɗi sunan kakata. Matar ta ajiye ƙwaryar. Ta matso ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Kai ne? Kai ne mai kukan nan? Mun zauna Jangeru, jikin katangar kakarka. Na san ka tun kana cikin tsumma."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mace irinta ba ta yi wa saurayin ɗiyarta zancen nono. Amma daga ranar fura mai kyau ce ke fitowa, da man shanu a sama. Na ɗauka alamar sun yarda da ni ce. Kuma sun yarda ɗin.

Bayan mun kai amfani gida shekara ta biyu, baffa ya ce to, a je a nema. Ya sayo goro a Zurmi. Da hantsi suka tafi, shi da liman da wani maƙwabcinmu. Saurayi ba ya zuwa wurin nan, don haka na zauna a gindin rumbu ina gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Ba su daɗe ba na hango su suna dawowa. Ƙunshin goron na hammatar baffa yadda ya tafi da shi, ganyen ko kwance shi ba a yi ba.

Na miƙe. "Baffa, sun hana?"

"Ba su hana ba."

"To mi ya faru?"

Ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Maƙwabcin ne ya ba ni labari. Uban yarinyar ya karɓe su da murna, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo madara. Da baffa ya faɗi abin da ya kawo su, sai ya yi dariya ya ce ai ba sai an yi dogon zance ba, yaron na gida ne, nonon gidan nan ya sha. Don ya faranta musu rai ya faɗa. Liman ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Liman ya yi salati ya janye hannunsa daga goron.

Uban ya ce, "Malam, ai da wanta ya sha, ba da ita ba. Ita lokacin ko cikinta ba a yi ba."

Haka shi da matarsa suka sani, haka iyayensu suka sani: wanda kuka sha tare shi kaɗai ne ɗan'uwanka. Liman ya ce ba haka ba ne. Matar da ta shayar da kai ta zama uwarka, duk abin da ta haifa, na gaba da na baya, 'yan'uwanka ne.

Na ji kunnena ya toshe kamar na nutse a gulbi. Ina ganin bakin liman na motsi, yana ba ni haƙuri, ba na jin sa. Igiyar na hannuna har azahar.

Gwaggo na samu a madafa. Na ce, "Kin sani?"

Ta ce ta san wata Bafulatana ta shayar da ni, amma ba ta taɓa ganinta ba. Ni ne ɗan fari, don haka uwata gidan iyayenta ta tafi haihuwa, Jangeru. Da aka haife ni, kakata ta yi abin da tsofaffi ke yi: ta tatsi nonon uwata a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. In ta fito, nonon lafiya lau. In ta mutu, nonon na da cuta, ba a ba jariri sai an sha magani. Tururuwar ba ta fito ba. Aka ɗora uwata kan jiƙe-jiƙe, ni kuma ina ta tsala kuka, sai maƙwabciya mai goyo ta miƙo hannu ta kan katanga.

Na ce, "Tururuwa?"

"Tururuwa."

"Ki jefa tururuwa a ruwan rijiya ma, gwaggo, mutuwa za ta yi."

Ta ce, "Ni dai ba ni na jefa ba."

Ban yarda da liman ba. Na ce karatunsa na ƙauye ne. Wani ɗan kabu-kabu ya ce mini ya ji a rediyo sai an sha sau biyar yake haramta. Na riƙe maganar nan kamar wanda ya faɗa rijiya ya samu igiya. Ranar kasuwar Shinkafi na hau bayansa, aka nuna mini zauren wani babban malami. Na jira har mutane suka ragu.

"Allah gafarta malam, an ce sai sau biyar."

"Akwai malaman da suka ce haka, kuma manya ne. Mu abin da muka karanta, ko maƙwarwa ɗaya ta isa ciki ta wadatar. Amma bari in bi ka a kan taka. Sau nawa ka sha?"

"Ban sani ba."

"Tahi ka tambayo, yaro. Wadda ta ba ka tana da rai."

Na tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san uwar yarinyar ta fi ni ji. Na same ta tana ɗaure maraƙi. Na yi tambayata. Ba ta dube ni ba, maraƙin ta yi wa magana.

"Tun ana shuka gero. Har muka ci tumu."

Damina guda ke nan.

Na juya zan tafi, ta kira ni. "Ina za ka? Shigo ciki ka sha ruwa. Gidanku ne."

Wannan ya fi komai kaɗa ni. Shekara biyu ban wuce aduwar nan ba. Yau ga ni ana riƙe da hannuna ana sunkuyar da ni cikin bukka. Yarinyar na zaune ana yi mata kitso, kanta a buɗe. Ta zabura za ta jawo mayafi, uwar ta ce, "Bar shi, wanki ne." Ta bar hannunta a kan mayafin, ba ta ja ba, ba ta saki ba. Ban taɓa ganin gashinta ba sai ranar. Na kawar da kai. Aka ba ni ruwa na sha.

Bayan 'yan kwanaki na tare yarinyar a hanyar kasuwa, da ƙwarya a kanta. Na riga na shirya abin da zan faɗa. Na ce iyakar ƙasa ba nisa daga ƙauyenmu. In mun ƙetara, ba wanda ya san uwarta, ba wanda ya san kakata. Kowane liman zai ɗaura.

Ta sauke ƙwaryar. Idonta ya kumbura, na san ba barci take yi ba.

"In mun ƙetara, can wani Allah ne da su?"

"Mu ba mu yi laifi ba. Ba mu sani ba."

"Da ba mu sani ba. Yanzu fa?"

"Ba ki sona ke nan."

Ta ce, "Kada ka faɗi wannan. Ka san ƙarya ce." Sannan ta ce, "In na bi ka, duk sanda na ɗaga hannu zan yi kabbara zan san abin da nake. Ba zan iya ba. Kai ma ba za ka iya ba, taurin kai ne kawai." Ta nuna ƙwaryar. "Aza mini, Hamma."

Hamma shi ne yadda suke kiran babban wa. Na ɗaga ƙwaryar na aza mata. Ta tafi, na tsaya a hanya har wani mai amalanke ya yi mini tsawa.

Ranar Juma'a na tafi masallaci. Ban iya roƙon komai ba. Na tsaya a sahu, na yi abin da ake yi, na fito. Haka na yi ta yi har abin ya sake ni kaɗan.

Yarinyar ta auri wani ɗan danginsu mai kiwo wajen Shinkafi, da yardarta. Mutumin kirki ne. Ni da wanta, wanda muka sha tare, mu muka ɗora gadonta a amalanke. Aikin 'yan'uwa ne, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Daga baya ƙasar ta lalace. Aka daina ba shanu kara, aka daina gaisawa a bakin rijiya. 'Yan bindiga suka ɗauke mu a gona ni da baffa, na yi zaman daji da ba na son tunawa, na fito da yatsu biyu da ba sa lanƙwasawa. Baffa bai fito ba. Ƙauyenmu ya watse, na kawo gwaggo Kaura Namoda.

Nan ƙanwar tawa ta same ni wata rana da rana tsaka, da yara a bayanta, ba miji, ba saniya ko ɗaya. Su ma an ci su. Ta yi ta tambaya a tasha har aka nuna mata ni. Ba wanda ke son ba Bafulatana ɗaki a lokacin. Mai gidan da nake haya ya tare ƙofa.

"Mi take gare ka?"

"Ƙanwata ce."

"Kai Bahaushe, ita Bafulatana? Kada ka maishe ni yaro."

"Nono ɗaya muka sha."

Ya ce in rantse. Na rantse, muryata ba ta yi rawa ba. Ya matsa ta shiga.

Yanzu ina Kaura, ina dakon buhunan hatsi a kasuwa. Na yi aure, ina da 'ya'ya. Ita tana ɗakin da ke kallon namu, tana dama fura tana sayarwa a bakin titi. Yaranta kawu suke ce mini.