Wa Ke Sa Gishiri?

Shekarar da na gama difloma, Mama ta tafi jinyar ƙanwarta a Kafanchan, ta bar mini gidan abincinmu na Samaru. Ta ce, "Wata guda zan yi. In na dawo na tarar ɗalibai sun watse, ki ajiye mini mabuɗi ki tafi neman aikin gwamnati."

Ni kuwa lokacin boko na ɗiba ta. Na samo kwali na rubuta wa kowa aikinsa, na manna a bango. Mai tuwo, tuwo. Mai miya, miya. Cefane a kasuwar Sabon Gari, nawa ne. Saura Iya, wata tsohuwa 'yar Bomo da ta fi shekara ashirin a wurin. Wallahi ban taɓa ganin tana wani aiki ba, sai zama a kan turmi, ta ɗanɗana wannan, ta lashi wancan. Haushinta nake ji. Na rubuta mata wanke-wanke.

Ta sa aka karanta mata. Ta ce, "To, 'yar nan." Ta ja kujera ta koma bayan shago.

Washegari miya ta fito lami. Na tsare mai miya, sai ta nuna mini kwalin. "Anti, ina gishiri a nan? Ni ban taɓa sawa ba, Iya ke sawa."

Na ɗau biro na ƙara gishiri a layin mai miya, kuma don gudun mantuwa na ƙara a layin mai tuwo. Kowacce ta zuba nata tsakani da Allah. Wani ɗalibi ya kai loma ɗaya, ya ɗago ido jajir ya tambaye ni laifin me ya yi mini.

Cikin kwana huɗu benci ya zama wayam. Ashe Iya ce ta san wanda ba ya cin yaji, da mai jarabawa da za a ƙara wa nama, da lokacin sauke tukunya. Tsoro ya kama ni sosai.

Na same ta a bayan shago, kunya kamar in nutse. "Iya, ki yafe mini. Me zan rubuta miki?"

Ta ɗauraye hannu a tsanake. "Rubuta zama."

Na rubuta, ta koma kan turminta.

Ranar da Mama ta dawo benci cike yake. Ta tsaya ta karanta kwalin har ƙasa, ta dube ni. "Kuɗin makarantar shekara biyu na biya don ki gano wannan?"

Ba ta karɓi mabuɗin ba.