Tafin Babana a Bakin Fili

Babana malamin wasanni ne a lise, wato babbar sakandare, kuma shi ya tara ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarmu a Agadas. Duk yaran suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, ni ma a filin wasa haka nake ce masa. Ni ne ɗansa na fari, kuma tun da aka yanka mini rago bai taɓa faɗin sunana ba. Ba fushi ba ne, kunyar ɗan fari ce da ya tarar a wurin nasa iyayen. In yana nemana sai ya ce "kai". In yana maganata da innarmu sai ya ce "wancan". Ƙannena kuwa, sunayensu har sun gaji a bakinsa.

A gida wannan ba ta dami kowa ba. A fili ne ta zama aiki, domin ƙwallon kwando wasa ne na surutu. Mai horarwa yana tsaye a gefe yana ta ƙwala kiran sunaye, wane ka koma baya, wane ka tare ɗan nan. Ni kuma ni ne mai raba ƙwallo, wanda ya fi kowa bukatar a yi masa magana. Sai babana ya samo dabara. Yakan ɗan lanƙwasa hannuwansa ya yi wani tafi mai kauri, wanda ba ya yi wa kowa sai ni. Da na ji sai in ɗaga kai, ya nuna mini da haɓa inda zan jefa. Da wannan tafin ya koya mini duk abin da na iya.

Filinmu na siminti ne, duk ya tsattsage, kuma ba a taka shi sai bayan la'asar in ya huce. Wani alhaji mai sayen albasar Tabelot shi ke ɗinka mana mayo, rigunan wasa, ya sa a buga hoton albasa ƙato a baya. Sauran ƙungiyoyi suna ce mana 'yan miya, mu kuwa ko a jikinmu. Bayan na gama lise, a shagon wannan alhajin na samu aiki, ina lodin buhuna a kamyo, babbar motar kaya, da safe, da yamma in tafi fili ina warin albasa.

A shekarar ne aka ce wata ƙungiya ta Yamai tana neman mai raba ƙwallo guda. Mai ƙungiyar attajiri ne mai motocin fasinja. 'Yan wasansa suna sa sunan kamfaninsa a ƙirji, yana ba su ɗaki da albashi duk wata, ba su da wani aiki sai wasa. Ni da nake jefa ƙwallo da kafaɗar da ta wuni ƙarƙashin buhu, na so wurin nan so mai tsanani. Har a sallah nake roƙonsa.

Wanda aka aiko ya duba mu mai horar da su ne, wani mutumin Abijan mai fara'a, ba ya jin Hausa sai Faransanci. Ana gobe za mu kara da ƙungiyar Arlit ya zo ƙofar gidanmu, aka shimfiɗa tabarma, ni nake dafa shayi. Ya tambayi babana 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Babana ya yi ta yabo, wane yana da tsalle, wane ba ya gajiya, kowa da sunansa. Da aka zo kaina sai ya kau da kai wajen titi ya ce, "Wancan, to, yana taɓawa." Baƙon ya dube ni, ya dubi babana.

Baffana, ƙanen babana, yana wurin. Da baƙon ya tashi ya raka shi, ya yi masa bayanin al'adarmu. Baƙon ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta, amma shi abin da attajirin ya aiko shi nema shi ne yaron da zai zama bakin mai horarwa a cikin fili, a yi masa magana ya ji, shi ma ya yi wa sauran. Ya ce bai ga yadda za a yi haka tsakanin mutum biyu da ba sa magana ba, amma zai duba da idonsa gobe.

Baffa ya dawo ransa a ɓace. "Yaya," in ji shi, "ka kashe ma yaron ga kasuwa. Mi za ya rage ka da shi in ka ce ya iya?"

Babana ya kurɓi shayinsa da ya riga ya huce.

Washegari filin ya cika fiye da yadda na taɓa gani. 'Yan Arlit sun zo da magoya bayansu, namu kuma suka kwaso jarkoki suna kiɗa da sanduna. Na yi wasa mai kyau a ranar, ba yabon kai ba. Sai dai tun da aka fara na lura ba na jin tafin, kiɗan jarka ya cinye shi. Na ce a raina ba komai, na san abin da zai ce.

Ana dab da tashi muna kunnen doki, ƙwallo tana hannuna. Ina duban hagu ina neman wanda zan ba, ban ga ɗan wasanmu da ya tsaya shi kaɗai a ƙarƙashin kwando ba, ban kuma ga mai raba ƙwallon Arlit da ya lallaɓo ta bayana ba. Baffa ya gaya mini daga baya cewa babana ya yi ta tafi har hannuwansa suka yi ja. Ni dai abin da na ji shi ne sunana. Cikakke, ba yadda abokai ke gutsure shi ba, da muryar babana, sama da duk jarkokin.

Na tsaya cak. Ban yanke shawarar tsayawa ba, ƙafafuna ne suka ƙi. Na juya ina kallonsa, shi ma yana kallona, hannunsa ɗaya a miƙe yana nuna kwando. Yaron Arlit ya zare ƙwallon daga hannuna kamar an miƙa masa, ya ruga ya zura. Haka aka tashi.

Yaron Arlit ɗin nan baƙon ya ɗauka. Kafin ya tafi ya riƙe hannuna ya ce ina da hannu mai kyau, amma ba zai iya kai wa attajiri yaron da ke daskarewa in mai horar da shi ya kira shi ba. Na ce masa na gode. Ban yi masa bayani ba, don ban ga ta inda zan fara ba.

Na ji zafin rashin Yamai ƙwarai, kuma ba zan ce ya wuce gaba ɗaya ba. Har yau ina shagon albasa, sai dai yanzu ni ke sa a yi lodi, kuma ni ke tsaye a bakin filin nan ina kiran yaran mutane da sunayensu.

Amma abin da na fi tunawa shi ne hanyar gida a ranar. Babana yana da moto, wato babur, bai hau ba, ya tura ta muna tafe tare, ana kiran magariba. Muka iso ƙofar zaure. Ya jingine moton, ya tsaya yana goge hannuwansa a jikin rigarsa, idonsa a ƙasa.

"Kai," ya ce, "na ɓata maka. Da na sani da na yi ta tafina."

Na ce, "A'a, Baba. Na ji ka."